Kumburin Matsarmama da Haɗarin Dogaro da Maganin Kashe Zafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu karatu kan wani ciwo da ake yawan yi wa gurguwar fahimta, wato kumburin matsarmama, da kuma rawar da wasu sinadarai da jiki ke haɗawa da kansa, waɗanda ake kira furostagilandin, suke takawa a cikinsa. Dalilin da ya sa na ga dacewar wannan rubutu shi ne, magungunan da suka fi saurin kwantar da zafin wannan ciwo suna aiki ne ta hanyar hana jiki haɗa waɗannan sinadarai, kuma suna cikin magungunan da mutane suka fi sha ba tare da sun ga likita ba. Wanda bai san abin da ya sa zafin ya lafa ba zai ɗauka ya warke, alhali abin da ya haddasa ciwon yana nan zaune a inda yake.

Matsarmama 'yar ƙaramar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta, ta ɓangaren dama na ciki, daidai inda haƙarƙari ya ƙare. Hanta ce ke yin ruwan ɗaci, kimanin rabin lita zuwa lita 1 a kowace rana a jikin baligi, ita kuwa matsarmama ajiya ce aikinta, kuma abin da take iya ɗauka bai wuce mililita 30 zuwa 60 ba. Dabarar da ta sa jaka ƙarama irin wannan take wadatarwa ita ce, bangonta na ciki yana tsotse ruwa da gishiri daga ruwan ɗacin yana mayar da su cikin jini, har abin da ya rage ya ninka kaurinsa sau 5 zuwa 10. Idan abinci mai maiƙo ya isa ƙaramin hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari da ke sa matsarmama ta matse, ta tura ruwan ta wani siririn bututu domin ya taimaka wajen narkar da kitse. Ina so mai karatu ya riƙe wannan magana ta tsotse ruwa, domin ita ce ke juyewa idan ciwo ya zo.

Tsakuwa takan taru a cikin jakar idan kolestarol, wani nau'in kitse, ya yi wa ruwan ɗacin yawa, ko kuma idan jajayen ƙwayoyin jini suna yawan fashewa, kamar yadda yake faruwa ga masu sikila, waɗanda kan samu tsakuwar tun suna da ƙuruciya. Mafi yawan masu tsakuwar, wajen kashi 80 cikin 100, ba sa jin komai, sau da yawa ma sai an yi musu hoton ciki saboda wata lalura dabam ake ganin ta. Damuwa tana farawa ne ranar da tsakuwa ta gangaro ta toshe bakin bututun. Mutum zai ji wani matsanancin ciwo a saman ciki ko ta dama, wani lokaci ya ratsa har allon kafaɗa, tare da tashin zuciya da amai. Idan tsakuwar ta koma baya, ciwon kan tafi cikin 'yan sa'o'i. Idan kuwa ta kafe, ciwon ya wuce sa'o'i 6 bai sassauta ba, to likitoci sukan fara zargin an shiga matakin kumburi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kumburin matsarmama mai zuwa farat ɗaya ta wannan hanya yake farawa, ragowar kuma yakan samu marasa lafiyar da ke kwance cikin mawuyacin hali, ba tare da tsakuwa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, toshewar kaɗai ba ta isa ta kawo kumburi ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna cewa idan aka ɗaure bututun kawai, sau da yawa bangon jakar yakan tsotse ruwan da ke ciki, maganar ta ƙare a nan. Sai an haɗa toshewar da wani abu da ke fusata bangon sannan kumburi ke tashi. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke fusata shi yana fitowa ne daga ruwan ɗacin kansa: akwai wani nau'in kitse a cikinsa mai suna lesitin, wanda idan tsakuwa ta goge bango, wani sinadari da bangon ke saki yakan mayar da shi laisolesitin, shi kuwa wannan yana yi wa ƙwayoyin halittar bangon lahani. Ƙwayoyin da suka ji rauni sai su saki wani kitse daga fatarsu, asid ɗin arakidonik, sannan wani sinadarin sarrafawa da ake taƙaita sunansa da COX ya mayar da shi furostagilandin. Ba a ajiye furostagilandin a wata ma'ajiya ta jiki, a wurin da ake buƙatarsa ake haɗa shi nan take, ya yi aikinsa a kan maƙwabtan ƙwayoyin halitta, ya lalace cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

A cikin matsarmamar da bakinta ke toshe, aikinsa mafi muni shi ne juya halin bangon. Bangon da ya saba tsotse ruwa sai ya koma tsiyayar da ruwa zuwa cikin jakar. A kwatanta salkar da aka ɗaure bakinta tamau, amma ruwa yana ta ƙaruwa a cikinta: babu abin da zai biyo baya sai kumbura da ɗaurewar fata. Haka matsarmama take cika ta yi tam, kuma miƙewar da bangon ke yi ita ma tana sa ƙwayoyinsa su ƙara haɗa furostagilandin, wanda zai ƙara jawo ruwa, ruwan ya ƙara miƙe bangon. Da zarar wannan zagaye ya kankama, ciwon yana ciyar da kansa da kansa. A lokaci guda sinadarin yana sa tsokar jakar ta riƙa matsewa a kan ƙofar da ba za ta buɗe ba, yana ƙara yawan yauƙin da bangon ke fitarwa, yana buɗe ƙananan hanyoyin jini har ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin naman bangon ya yi kauri. Yana kuma sa jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi su zama masu saurin ji, ta yadda matsin da a da ba zai dami mutum ba yanzu zai hana shi numfashi mai zurfi. Zazzaɓin da ke biyo baya ma da hannunsa a ciki, domin wani nau'insa da ake kira E2 shi ne ke sa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita ɗumin jiki ya ɗaga ma'aunin.

Idan matsin ya ci gaba, yakan danne hanyoyin jinin da ke cikin bangon, na mayar da jini da farko, daga baya na kawo shi. Wurin da jini ya daina isa sai ya fara mutuwa, galibi daga can ƙasan jakar, wanda ya fi nisa da jijiyar da ke shayar da ita, kuma daga nan ne ake samun ruɓewa, ko mugunya, ko hujewa, ruwan ɗaci ya malale cikin ciki. Ƙwayoyin cuta na hanji sukan shigo daga baya, su tarar da ruwa a tsaye da bango mai rauni, amma a farkon lamarin kumburin na sinadari ne, kuma a wurin marasa lafiya da dama idan aka auna ruwan ba a samun ƙwayar cuta ko kaɗan. Wannan ya isa ya nuna kuskuren masu gaggawar sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta da zarar cikinsu ya murɗa, suna zaton sun tari ciwon daga tushe.

Wannan ilimi bai zo a rana ɗaya ba. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, shi ne ya raɗa wa sinadarin suna a 1935, sannan Sune Bergström da Bengt Samuelsson suka tantance siffarsa da yadda jiki ke haɗa shi. A 1971 John Vane na Ingila ya nuna cewa asfirin, wanda aka shafe shekaru fiye da 70 ana sha ba tare da an san takamaiman yadda yake aiki ba, yana hana haɗa furostagilandin ne. Su ukun, Bergström da Samuelsson da Vane, sun karɓi kyautar Nobel a 1982. Likitocin tiyata a Suwidin ne suka kai wannan fahimta ga matsarmama: a 1979 sun wallafa cewa allurar indometasin ta jijiya tana kwantar da zafin tsakuwar matsarmama, kuma gwaje-gwajensu a kan dabbobi sun nuna cewa maganin yana tsayar da tsiyayar ruwan nan, matsin cikin jakar ya sauka. Wannan shi ne abin da ya bambanta wannan rukunin magunguna, irin su dikulofenak da ibufurofen da indometasin, da sauran masu kashe zafi. Mofin da danginsa, wato masu kashe zafin nan masu ƙarfi da ake bayarwa a asibiti, suna toshe saƙon zafi ne a ƙwaƙwalwa da laka, su kuwa waɗannan suna taɓa abin da ke faruwa a cikin jakar kanta.

An ma taɓa sa ran za a iya hana tsakuwar taruwa tun farko ta wannan hanya. A 1981 masu bincike a Amurka sun nuna cewa asfirin ya hana tsakuwa taruwa a jikin wata dabba dangin kurege da aka ciyar da kolestarol mai yawa, saboda ya rage yauƙin da ƙwayoyin kolestarol ke maƙalewa a ciki su girma. Sai dai binciken da aka yi a kan mutane daga baya bai tabbatar da wannan amfani ba, don haka babu likitan da ke ba da asfirin a matsayin rigakafin tsakuwar matsarmama, kuma bai kamata wani ya ɗora wa kansa shan sa da wannan niyya ba.

Game da ko maganin yana hana ciwon tsakuwa rikiɗewa zuwa kumburi, akwai wani gwaji da aka yi a ƙasar Girka aka wallafa a 1997, a kan mutum 53. An yi wa 27 allurar dikulofenak guda ɗaya, aka yi wa 26 allurar ruwan gishiri. A rukunin farko mutum 4 ne suka kai ga kumburi, a na biyun kuwa 11. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma adadin mutanen kaɗan ne. Da ƙungiyar Cochrane, mai bitar binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum 828 a 2016, ta samu cewa waɗannan magunguna sun fi maganin kwaikwayo da babu sinadarin magani a cikinsa kwantar da zafi nesa ba kusa ba, sun kuma fi magungunan sassauta murɗawar ciki, sannan ba su gaza dangin mofin ba, amma hujjar cewa suna kare mutum daga rikicewar ciwon ba ta da ƙarfi. A ganina wannan ita ce matsayar da ya kamata mai karatu ya tsaya a kanta: magani ne nagari na rage azaba a hannun likitan da ya riga ya gano ciwon, amma ba a yi wa kowa alkawarin cewa zai hana abin da ake tsoro ba.

Damuwata ta farko daga nan take tasowa. Maganin yana rage ruwa, ya rage matsi, ya rage zafi, ya saukar da zazzaɓi, wato yana kawar da dukkan alamomin da za su tilasta wa mutum zuwa asibiti, amma ba ya narkar da tsakuwa, ba ya kuma matsar da ita daga bakin bututu. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Mutum zai sha ƙwaya ya samu barci, gobe ciwon ya dawo ya ƙara sha, a haka kwanaki su shuɗe bangon jakar yana ƙara lalacewa, sai ya iso asibiti a lokacin da tiyatar da za ta kasance mai sauƙi ta zama mai wahala da haɗari. Abin ya fi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon suga, domin su dama ba su cika nuna zafi da zazzaɓi sosai ba ko da matsarmamar ta fara ruɓewa, to ina ga an ƙara danne ɗan abin da ya rage na alama.

Damuwa ta biyu ita ce, furostagilandin ba abokin gaba ba ne a ko'ina cikin jiki. A tumbi shi ne ke sa bango ya fitar da yauƙi da sinadarin da ke kashe kaifin asid, ya kuma tabbatar jini yana gudana a cikinsa yadda ya kamata. Idan aka hana haɗa shi, tumbi ya rasa garkuwarsa, kuma daga nan ne gyambon ciki da zubar jini ke samun ƙofa, ko da ta allura aka karɓi maganin ba ta baki ba, tunda ta cikin jini yake isa wurin. A ƙoda kuma shi ne ke buɗe hanyoyin jini idan ruwan jiki ya yi ƙasa. A duba halin mai kumburin matsarmama: ya kwana yana amai, bai ci ba bai sha ba, jikinsa ya bushe, ƙodarsa ta dogara kacokan a kan wannan sinadari domin ta ci gaba da samun jini. A irin wannan hali ne ƙwayoyi kaɗan za su iya sa ƙoda ta tsaya. Shi ya sa a asibiti ake fara ƙarin ruwa, a auna lafiyar ƙoda, a tambayi tarihin gyambon ciki da hawan jini da ciwon zuciya da asma da shan maganin tsinka jini, kafin a yanke shawarar wane maganin zafi ya dace. Masu juna biyu suna da nasu haɗarin, kuma su ma suna cikin waɗanda tsakuwar ta fi kamawa: a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guji waɗannan magunguna daga mako na 20 na ciki, saboda suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki, kuma a watannin ƙarshe suna iya rufe wata hanyar jini ta kusa da zuciyarsa kafin lokacinta.

Akwai kuma ruɗanin da ke tsakanin wannan ciwo da gyambon ciki, tunda dukansu a saman ciki ake jin su. Mai tsakuwa yakan shafe watanni yana shan maganin olsa ba tare da an taɓa yi masa hoto ba, mai olsa kuma yakan sha dikulofenak saboda wani ya ce masa ya yi masa aiki, ya ƙara wa gyambonsa zurfi. Duka biyun sun cutu, kuma abin da ya cuce su ɗaya ne, wato shan magani kafin a san ciwo.

Da aka gano a farkon shekarun 1990 cewa COX, sinadarin nan mai haɗa furostagilandin, iri 2 ne, ɗaya mai aikin yau da kullum irin na kare tumbi, ɗayan kuma mai tashi lokacin kumburi, an ƙera magungunan da ke danne na biyun kaɗai. Sun rage cutar da tumbi, amma ba su kuɓutar da ƙoda ba, kuma a 2004 aka janye ɗaya daga cikinsu, Vioxx, daga kasuwa saboda yana ƙara haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Gano kumburin matsarmama ba abu ne mai wuya ba idan an zo da wuri. Likita zai kwantar da mara lafiya rigingine, ya ɗora yatsunsa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya ce masa ya ja numfashi a hankali. Yayin da huhu ke cika, hanta takan sauko tare da matsarmama, kuma da zarar jakar mai kumburi ta taɓa yatsun sai ka ga mutum ya datse numfashinsa tsak, fuskarsa ta yamutse. Ana danganta wannan gwaji da John Murphy, wani likitan tiyata na birnin Shikago. Hoton ciki na na'urar sauti zai nuna tsakuwar, ya nuna bango ya yi kauri fiye da milimita 3, wani lokaci da ruwa kewaye da jakar, gwajin jini kuma ya nuna ƙaruwar fararen ƙwayoyin jini. Sai a lura cewa wanda ya sha maganin zafi mai yawa kafin zuwansa yana iya ɓoye wa likita waccan alama ta yatsu, don haka wajibi ne ya faɗi abin da ya sha, da yawansa, da lokacin da ya sha. Idan idanu suka yi ɗorawa irin na shawara, fitsari ya yi duhu, jiki yana karkarwa, to alama ce tsakuwa ta wuce zuwa babban bututun da ya taho daga hanta, kuma wannan ba ya jiran wayewar gari.

Maganin da ke raba mutum da ciwon shi ne cire jakar tare da tsakuwarta. Carl Langenbuch ne ya fara yin wannan tiyata a birnin Balin a 1882, sannan a 1985 Erich Mühe, shi ma a Jamus, ya fara yin ta ta ƙananan huji da na'urar leƙa ciki, wadda a yau ita ce hanyar da aka fi bi. A da akan jira makonni 6 ko fiye kumburi ya lafa kafin a yi aiki, amma yanzu ƙa'idojin likitoci sun fi karkata ga yin sa da wuri, cikin makon farko, ga wanda jikinsa zai iya ɗauka. Wanda kuwa ya yi rauni ƙwarai, akan sa masa siririn bututu ta fata a zuƙe ruwan, wato a sauke matsin nan da furostagilandin ya tara, har ya samu ƙarfi. Masu fargabar rayuwa babu matsarmama su kwantar da hankalinsu, domin hanta ba ta daina yin ruwan ɗaci, yana gangarawa hanji kai tsaye, kuma mafi yawan mutane suna komawa cin abincinsu, in ban da wasu da kan yi fama da sakin ciki na wani lokaci.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon shafinku na lafiya ya gayyato likitan tiyata da masanin harhaɗa magunguna su yi wa jama'a bayanin wannan rukunin magunguna dalla-dalla, da sunayen da ake sayar da su, domin mutane da yawa suna haɗa biyu ko uku a lokaci guda ba su san aikinsu ɗaya ba ne. Ina kuma kira ga masu sayar da magani da ma'aikatan ƙananan asibitoci da su riƙa tambayar duk wanda ya zo da ciwon saman ciki na dama tun yaushe ya fara, ko akwai amai ko zazzaɓi, ko launin ido ya canza, kuma idan ciwon ya haura sa'o'i 6 ko yana tafiya yana dawowa, su tura shi inda za a yi masa hoton ciki da gwajin jini kafin su miƙa masa ƙwaya ko su yi masa allura.

Na gode da filin da aka ba ni.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum.